Mai Jagwalgwalo da Ruwan Kogi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, wadda bakina ya saba kira da Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi miki gaisuwa irin ta uba, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Zariya lafiya, kin sami masauki, kin yi salla, kin sa wani abu a cikinki. Allah Ya tsare ki a kan hanya da bayan hanya, Ya haɗa ki da abokan zama nagari, Ya raba ki da sharrin da ake gani da wanda ba a gani.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Gida ɗaya muke, kullum ke kike ajiye min ruwan alwala, amma sai da za ki tafi na ɗauki biro. Kin san halina. In aka ba ni bango da buroshi sai in wuni ina surutu da su, amma in aka ce in zauna in yi wa 'yata magana ido da ido, sai harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na zauna a shago bayan la'asar, na sallami 'yan hira, nake rubuta wannan. Zan ba mahaifiyarki ta cusa a ƙasan jakarki tare da wani ƙunshi. Kada ki buɗe ƙunshin sai kin gama karantawa, ko da yake na san ki, wataƙila ma kin riga kin buɗe.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana ɗaya ce. Mahaifiyarki ta ce kin gaya mata da zarar kin isa makaranta za ki nemi a canza miki fanni, kin fasa karatun zane. Ban yarda ba sai da na ga buroshinki a bayan randa, cikin gwangwanin madara, an wanke su tas an naɗe da tsumma. Na kuma san dalili. Ranar da Baffanki Isuhu ya dawo daga Makka ya kalli zanen da kika yi masa a soro ya ce jagwalgwalo ne, mutane suka yi dariya, ni kuma ina tsaye ban ce uffan ba. To, a kan wannan kalma nake so mu yi hira, domin in akwai wanda ya san ta a garin Wudil, ni ne. Tun kafin a haife ki nake amsa ta.

Kin taso kin ji ana ce min Jagwal. Daga tasha har kara, kasuwar shanu, in kika ce Sale mai fenti sai a tsaya tunani, in kika ce Jagwal ko yaro zai nuna miki shagona. Ba ki taɓa tambayata asalin sunan ba, na san kunya ce. Ga shi yau kyauta.

Ina saurayi ina koyon aiki a wajen marigayi Malam Ɗanlami mai fenti. A lokacin, kamar yanzu, in mutum zai dawo daga aikin Hajji sai iyalinsa su sa a shafe fuskar gida, a rubuta barka da sauka, a zana jirgin sama a gefen ƙofa. Wata rana 'ya'yan wata tsohuwa, Hajiya Yalwa ta Dagumawa, suka zo neman maigidana, aka ce ya tafi Kano aiki. Suka tsaya cirko-cirko, ga tsohuwa tana hanya. Babbansu ya dube ni ya ce, "Kai fa, ka iya jirgi?"

Na ce, "Jirgi kuma? Yo wannan ai ba komai ba ne."

Ummi, wallahi ban taɓa ganin jirgi ba sai a sama, ɗan ɗigo yana wucewa yana ƙara. Amma na ɗauki tsani da gwangwanaye na hau keke. Na shafe bango da farar ƙasa, na yi rubutu, rubutun kam ya yi kyau. Da na zo kan jirgi sai kaina ya ɗauke, hannuna kuma bai jira ni ba. Ni ɗan masunta ne, a bakin kogi na buɗe ido. Abin da hannu ya sani mai tsawo, mai faɗin kai, mai siririyar jela, shi ya zana. Na ƙara masa fukafukai, na jera masa tagogi, na kuma ja wasu layuka biyu a gaba don in nuna iska tana kaɗawa. Da na sauko na ja da baya, sai ga tarwaɗa sak, har da gashin bakinta.

Kafin in wanke buroshi yaran unguwa sun taru. Wata yarinya mai tallan gyaɗa ce ta fara rerawa, sauran suka amshe:

"Jagwal, Jagwal, mai jagwalgwalo,
Ya ɗora Hajiya a kan tarwaɗa!"

Da tsohuwa ta iso, ana ta guɗa, ta sauko daga mota ta tsaya a gaban bangon ta daɗe. Ta ce a kira mata mai aikin. Na zo na durƙusa.

Ta ce, "Yaro, ka taɓa ganin jirgi kuwa?"

Na ce, "A sama dai, Hajiya."

Ta ce, "Ai na gani. Shi ya sa ka kawo min na ruwa." Ta yi dariya har da riƙe ciki. 'Ya'yanta suka ce a goge, ta ce, "Kul! Ku bar min kifina." Haka ya zauna har damina ta wanke shi, ana kwatance da gidan, a ce gidan mai kifi. Wani maroƙi kuma ya tsinci waƙar yaran ya sa a zambonsa, duk bikin da na je sai ya hango ni ya ɗaga murya. Na ji ciwon abin ƙwarai, har na daina zuwa biki.

Daga baya na shiga mota na je Kano, na tsaya a bayan wayar shingen filin jirgi ina kallon jirage suna sauka. Na ga ashe ƙafafu ne da su, ashe fukafukan ba a wuya suke ba. Da na yi wannan tafiyar kafin in hau tsani, da yau sunana Sale. Don haka ga shawarata ta farko: kada bakinki ya ce kin iya kafin idonki ya gani. In malami ya ce ki zana abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ki tashi ki je ki kalle shi. Ba a mutuwa don an ce ban sani ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko girma, kuma shi babu wanda ya yi masa waƙa. Bayan abin kifin nan na rantse ba za a sake yi min dariya ba. Sai na shiga tara kalandu, irin masu hoton ƙasashen waje, duwatsu masu farin kai, itatuwa masu tsini, da tabki shuɗi shar. Na zauna na kwaikwaye su har hannuna ya haddace. Su na riƙa yi a bayan manyan motocin da ke ɗaukar shanu ranar Juma'a, su na yi wa masu shayi da masu aski daga Sabon Gari har Kausani. Kowa ya ce Jagwal ya ƙware. Sunan bai tafi ba, amma dariyar ta tafi, ni kuma na ɗauka na warke. Ban lura ba cewa tun daga ranar ban sake kallon wani abu da idona na zana shi ba. Kullum sai na haye gada, safe da yamma, amma in za a yi ruwa a bango sai in buɗe gwangwanin shuɗi, domin haka kalanda ta ce. Ki kiyayi wannan, Ummi. Tsoron dariya yana iya sa mutum ya gyara hannunsa ya rufe idonsa, kuma mutane za su yaba masa a kan hakan.

Yanzu bari in gaya miki abin da na yi a 'yan kwanakin nan, ki yi min dariya in kin ga dama. Da Baffanki ya jefe ki da kalmar nan sai na tsinci kaina ina juya ta a raina. Na ce ni kam an kira ni da ita har furfura ta fito min, amma ban taɓa tsayawa na tambayi me take nufi ba. Sai na shiga yawo ina tambayar mutane, kamar wanda akuyarsa ta ɓata.

Na fara da Inna mahaifiyata, takwararki. Na same ta tana tsince wake, na ce, "Inna, wai mene ne jagwalgwalo?"

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yau kuma? Kai da aka raɗa wa suna da shi?" Sannan ta ce, "Ka ga in ka ajiye wa yaro tuwo, ya tsoma hannu biyu, ya dama da miya, ya shafa a ƙirji, shi bai ci ba, bai kuma bar wa mai ci ba, to wannan shi ne."

Na ce, "To in yana ƙoƙarin kaiwa baki ne yana zubewa fa?"

Ta ce, "A'a, wannan koyo yake. Kai ma haka ka yi, har ka fi haka. Tashi ka ba ni wuri."

Na riƙe wannan. Daga nan na biya wajen Talatu mai tukwane, wadda muke sayen randa a wurinta. Ita kuma ta ce a wajensu in mace ta yi ta taɓa yumɓu, ta ɗora nan ta cire can, ba ta san tulu take so ba ko kasko, har yumɓun ya gaji ya saki, shi ne ta yi jagwalgwalo. Ta ce ba rashin ƙarfin hannu ba ne, wasu ma ƙarfin ne ya yi musu yawa. Ta tambaye ni ko wani ne ya zage ni. Na ce a'a, bincike nake. Ta ce Allah Ya ba da sa'a, amma na ga tana kallona kamar mai zargin zafin rana ya taɓa ni.

Na uku shi ne Malam Habibu, malamin jami'ar nan da na yi wa fentin gida a Sabon Gari, mutumin da littattafai suka cinye masa rabin falo. Da na yi masa tambayar sai ya ji daɗi, ya sa aka kawo shayi. Ya ce a littattafanmu na Hausa marubuta suna son kalmar don tana da nauyi a baki, kana faɗinta kana jin abin yana caɓewa. Ya ce galibi a bakin mai faɗa suke sa ta, uwar da ta tarar an ɓata mata girki, ko maigidan da aka yi wa aikin banza. Wani lokaci kuma marubuci yakan jefi ɗan'uwansa marubuci da ita, ya ce littafin wane ba rubutu ba ne, jagwalgwalo ne. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne da ya ce wasu da kansu suke kiran aikinsu haka, su buɗe da cewa ga ɗan jagwalgwalon da na yi, a yi haƙuri da shi.

Na ce, "Malam, da gaske suke?"

Ya ce, "Ina fa! Jira suke a ce musu haba, ai ya yi kyau. Ka gwada ce wa ɗayansu gaskiya ne, ka ga yadda za ku kwashe."

Ya kuma gaya min Turawa ma suna da kalma guda da suka ware wa mai fentin da bai iya ba, wanda yake lafta launi kawai a kan allo. Ya ce marubutansu sun daɗe suna amfani da ita, su yi wa mai zane ba'a a cikin labari, ko su rage wa wanda ba sa so daraja. Na ce ashe Jagwal yana da 'yan'uwa har a can. Sai na tambaye shi abin da ya kai ni, na ce, "To waɗanda aka kira haka, sun cancanta?"

Ya ce, "Da yawansu sun cancanta, kada in yi maka ƙarya. Amma akwai waɗanda laifinsu kawai shi ne sun zana abu yadda suka gan shi, ba yadda aka saba gani a bango ba. Masu kallo suka rasa sunan da za su ba abin, sai suka ɗauko wanda ya fi kusa da hannu."

Na dawo gida ina tafe ina haɗa maganganun nan uku. Ga abin da na fahimta, ni da ban yi boko mai zurfi ba. Ɗan koyo daban, mai jagwalgwalo daban. Ɗan koyo ya kalli abu, hannunsa ne bai kai ba tukuna, kuma hannu yana kaiwa in an ba shi lokaci. Mai jagwalgwalo shi ne wanda hannunsa ya riga idonsa, yana ta shafawa bai duba ba. Ranar tarwaɗa na cancanci sunan, yaran Dagumawa ba su zalunce ni ba. Abin da ban so ganewa ba shi ne wataƙila na fi cancantarsa a shekarun kalanda, lokacin da layina ya miƙe kowa yana yabo. Na kuma gane kalmar tana da fuska biyu a bakin mutane. Wani yana faɗinta don ya duba ya ga ɓarna, wani kuma don shi ne bai duba ba. In an faɗa miki ita a makaranta, kuma za a faɗa, ko da wani lafazi ne, kada ki yi fushi kuma kada ki tattara kayanki. Ki tambaya a nuna miki wurin. Wanda ya ɗora yatsa ya ce nan ne, ga dalili, ki riƙe shi, malaminki ne ko da bakinsa da ɗaci. Wanda ya kasa nunawa, ki gaishe shi da ladabi ki ci gaba da aikinki.

Saura kuskure na uku, wanda bai tsufa ba, shi ne na soron Baffanki. Kin san yadda aka yi, amma ba ki san yadda abin ya kasance daga inda nake tsaye ba.

Da aka ce Yaya Isuhu yana hanya, ni na ɗauki fuskar gida, na yi rubutu da jirgi, jirgi na gaske wannan karon. Ke kuma na bar miki bangon cikin soro na ce ki yi abin da kika ga dama. Kika rufe ƙofa kika hana kowa leƙawa, har ni. Ban ga aikin ba sai tare da jama'a, lokacin da aka shigo da Alhaji ana ta barka da sauka. Na ɗaga kai sai ga koginmu. Ga gada daga nesa, ga kwale-kwale ɗaure a gindin turke, ga yashi a tsallake. Ruwan kuma ba shuɗi ba. Ruwan ƙasa ne mai duhu a tsakiya, ya yi ja-ja wajen gaɓa, da wani kore-kore a inda ciyawa take, sannan wani fari yana kwance a samansa wanda har yanzu ban san yadda kika yi shi ba.

Yaya ya tsaya ya ce, "Wannan kuma wane jagwalgwalo ne? Wa ya taɓa ganin ruwa haka, sai ka ce kunun kanwa? Ina shuɗin?" Wani daga baya ya ce, "'Yar Jagwal ce fa, Alhaji," aka kwashe da dariya. Na ga kin leƙo daga ƙofar cikin gida kin dube ni. Na ga lokacin da kika saki labule.

Abu biyu ne suka rufe min baki. Na farko kin san shi. A gidanmu ƙane ba ya mayar wa wansa magana a gaban mutane, balle ranar da ya sauka daga Makka, kuma uba ba ya yabon ɗansa a bainar jama'a, sai a ce ba shi da kara. Haka aka tarbiyyantar da mu, ban kuma ce a zubar da hakan ba. Amma kara ba ta hana ni in same ki a gida daga baya in ce miki wani abu ba, wannan sakacina ne. Na ɗauka kin san abin da ke raina. Ashe shirun uba, in 'ya ta ji shi, sai ta fassara shi da mafi munin abin da take tsoro. In Allah Ya ba ki naki 'ya'yan, ko ɗalibai, ki yi kara a gaban mutane in ya kama, amma kada rana ta faɗi ba ki je kin faɗi gaskiyar a keɓe ba.

Abu na biyu shi ne wanda ba ki sani ba. Ummi, ko da an ba ni izinin magana a lokacin, ba ni da ita. Ban ma ji dariyar sosai ba. Ruwan nake kallo. Ina cewa a raina, a ina yarinyar nan ta ga wannan? Washegari da hantsi na je kan gada na jingina da ƙarfe, masu babur suna ta yi min hon, na tsaya ina kallon kogin da aka haife ni a bakinsa. Babu shuɗi ko na ɗigo. Abin da kika sa a bango shi ne a ƙasa yana tafiya, har farin nan da ke kwance a sama inda rana ta doka. Na ji kunya, na ji daɗi, ban san wanda ya fi yawa ba. Wani masunci da ya san ni ya ɗago daga kwale-kwale ya ce, "Jagwal, lafiya? Ko wani abu ne ya faɗa maka?" Na ce masa e, amma ya daɗe da faɗawa.

Game da Baffanki kuwa, kada ki riƙe shi a zuciya. Shi ma a bango ya saba ganin ruwa shuɗi, kuma ni na koya wa idonsa hakan, ni da kalanduna. Bayan kwana biyu ya aiko in zo in gyara masa soro. Umarnin wana ne, na ɗauki gwangwanin shuɗi na tafi. Na tarar ya juya tabarmarsa, da can ƙofa take kallo, yanzu bango take kallo. Na gaishe shi, na buɗe gwangwani, na fara motsawa a hankali yadda zai ji ƙara. Bai dube ni ba. Can ya nuna da carbinsa ya ce, "Wancan turken, ba nan Baba yake ɗaure jirginsa ba?"

Na ce, "Nan ne, Yaya."

Ya ce, "Ruwan wajen akwai zurfi. Ga shi nan ma ta yi masa duhu." Sannan ya ce, "Rufe abin nan, warinsa yana hawar min kai. Ka bari tukuna."

Bai ce ya janye maganarsa ba, kuma kada ki jira ya ce, kin san Baffanki. Amma har yau bai sake aikowa ba, tabarmar kuma tana nan inda ya juya ta.

Ban ce miki kin gama iyawa ba. Gadarki ta karkace, ƙafafunta na dama sun fi na hagu tsawo, in mota ta hau za ta gangara Kano ba shiri. Kwale-kwalen ma ya yi kama da takalmi. Ga shi na ɗora yatsa na nuna miki wurin. Waɗannan aikin hannu ne, su za a koya miki a can, shi ya sa ma za ki. Amma abin da ya sa kika kalli kogi kika ƙi buɗe gwangwanin shuɗi, wannan ba a sayar da shi a kanti, kuma ni mahaifinki ban ba ki shi ba, don ba ni da shi. Allah ne Ya ba ki. Ina jin tsoron ki ajiye shi a bayan randa saboda kalma ɗaya da shirun wani tsoho.

Ba zan tilasta miki ba. In kin je kin duba da idonki kin ga wani fannin ya fi miki, ki canza, albarkata tana tare da ke. Amma kada ki canza don an yi dariya a soro. Ni na gwada wannan hanyar, na san inda take kaiwa: bayan motar shanu, da dutse mai farin kai wanda ban taɓa gani ba.

Sauran nasiha kin sha jin ta a bakin mahaifiyarki, ba sai na tsawaita ba. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki san da wa kike zama. Ki ci abinci, don na san in kika sa aiki a gaba sai a yi ta fama da ke. Kada ki bar buroshi ya kwana da fenti a jikinsa. In an tambaye ki 'yar wa ce, ki faɗi sunan da kika ga dama, duka biyun nawa ne.

Yanzu ki buɗe ƙunshin. Buroshinki ne, duka, sai guda ɗaya, ɗan siririn nan mai jan mariƙi, shi na riƙe aro. Dalili kuwa, na share wani gefe a bangon bayan gida, kusa da turken awaki, ina gwada ruwan nan naki. Na haɗa jan ƙasa da fari, ya fito kamar koko. Na ƙara kore, ya koma miyar kuka. Jiya Inna ta fito da sandarta ta tsaya a kaina ta ce, "Sale, wannan kam jagwalgwalo ne." Na ce, "A'a Inna, ke da bakinki kika ce in ana ƙoƙarin kaiwa baki yana zubewa, koyo ne." Ta ce to Allah Ya sa a koya kafin awaki su lashe.

Don haka ina da buƙata a wurinki. In kin natsu, ki rubuto min ko ki kira wayar mahaifiyarki ki gaya min me da me kika haɗa, musamman farin nan na sama. In kuma ba ya faɗuwa a baki, to zan bar bangon yadda yake har ki zo hutu ki nuna min da hannunki. Ki zo da buroshin sun sha aiki, zan duba bakinsu in gani.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, da Inna, da ƙannenki. Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗe miki ido da zuciya, Ya sa hannunki ya cim ma idonki. Allah Ya tsare min ke a inda ba na gani, Ya kare ki dare da rana, Ya dawo min da ke lafiya ta kan gadar nan. In kin zo hayewa, ki leƙa ƙasa ki gai da kogi, malaminmu.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki, kuma sabon ɗalibinki,
Sale mai fenti, wanda aka fi sani da Jagwal.